Saƙon da Na Riƙe a Bamako

A Gaya, garin bakin iyaka a kan hanyar Yamai, na tabbatar cewa ko hamada muka shiga ni da Bitrus, shi za a fara miƙa wa ruwa. Jandarmomin bakin iyaka suka duba katin rigakafin da wani dillali ya yi mana, suka ce na jabu ne, suka zaunar da mu a rana. Ni na zauna ina ta ba da haƙuri da Hausar da ba wanda ya kula ta. Bitrus kuwa sai ya miƙe, ya haɗa duga-dugan tsohon takalminsa na soja, ya sara musu, ya zaro katinsa na tsohon soja. Kafin in ankara an ba shi kujera a inuwa, babbansu har da kunna masa sigari. Albarkacinsa aka sake mu. Ya kamata in gode, amma abin da na ji a ƙirjina ba godiya ba ce. Ƙyashi ne, irin wanda na saba ji tun muna yara.

Bitrus ɗan kawuna ne, taubashina, shekara ɗaya aka haife mu a Rikoto, a ƙasar Zuru. Rafi ɗaya muka yi wanka, gona ɗaya muka yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura. Ni ma na yi noma har hannuna ya yi kanta, amma kunyoyin da Bitrus ya tayar tsofaffi ke tsayawa su yaba. Da aka zo ɗibar soja muka tafi tare, aka auna mu, aka ce tsayina ya gaza da kamar yatsa biyu. A Zuru, inda kusan kowane gida akwai hoton mai kaki a bango, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya tafi da kaki da takalmi, ni na koma gida da sunan da ya liƙa mini, Gajere. Bayan shekara ashirin da wani abu ya ajiye aiki ya dawo, muka haɗa hannu a gonarmu ta wajen Wasagu, har zuwa lokacin da zuwa gonar ya zama kasada. Shi ya sa da dillalin nan ya ce akwai aikin gini a Bamako, muka ɗauki jaka muna dab da shekara hamsin, kamar wasu samari.

A Yamai muka gane cewa dillalin ya gama da mu. Mutumin da ya ce zai tarbe mu a tasha babu shi, lambar wayarsa ma ba ta shiga. Kwana biyar muka yi muna dako a tashar don mu samu kuɗin motar gaba. Wata Bazabarma mai sayar da dambu da zogale ta ga halin da muke ciki, kullum da rana sai ta zuba mana a kwano. Allah ya saka mata. Amma ko ita, na lura kwanon Bitrus ya fi nawa tozo, kuma ban fasa lura ba har muka bar garin.

Daga Yamai zuwa Wagadugu, daga can zuwa Bobo, tafiya ce mai cin rai. A hanyar nan ne Bitrus ya fara damun direba da a tsaya zai yi fitsari. Ana tsayawa ya sauka, a yi tafiya kaɗan ya sake bubbuga jikin mota. Fasinjoji suka yi ta tsaki da yarukan da ba mu ji. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don na samu abin tsokana. Na ce masa ashe soja ma randarsa na yoyo. Ya yi dariya ya ce shayin Zabarmawa ne, ya kunna wata sigarin daga wutar ta farko.

A Bamako ba mu ga gini ba balle aikinsa. Wani dattijo, Malam Sidibe, shi ya tsince mu a bakin kasuwa muna yi wa mutane Hausa suna girgiza kai. Tsohon malamin asibiti ne, ya yi shekaru a Maraɗi, Hausarsa ta fi tawa. Ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ya kai mu wurin wata ƙanwarsa, Madam Kadiyatu, mai babbar marina inda ake rina shadda ta zama galilar da manyan mutanenmu ke sawa ranar biki. Madam ta dube mu daga sama zuwa ƙasa. Ta nuna ni ta nuna mabuga, inda ƙarti ke dukan shadda da manyan gumagumai har ta yi sheƙi. Ta nuna Bitrus ta nuna ɗakin haɗa rini.

Wanda bai yi bugu ba ba zai gane ba. Tun safe kana zaune gaban kututture kana ɗaga mabugi kana saukewa, kafaɗa kamar za ta cire, kunne na ƙara har cikin barci. Daga inda nake zaune ina hango Bitrus a inuwa, yana auna garin rini da cokali, yana zuba soda a ruwan zafi, tururi na tashi yana shaƙa, sigari a gefen baki. Safar hannu ma ba ya sawa, wai tana hana shi jin aikin. Hannuwansa yau shuɗi, gobe ja, jibi kore, har matan marina suka sa masa suna da yarensu, suna kiransa suna dariya. Cikin wata huɗu ya iya Bambaranci na ciniki, ni kuwa gaisuwa kaɗai na riƙe. In an kawo shinkafa da miyar gyaɗa, Madam da kanta take cewa a ƙara wa Soja nama. Ina ci ina tuna tuwon dawa da miyar kuka na gida, ina kallon duwatsun da ke kewaye da Bamako ina cewa ba su kai na Zuru kyau ba. Kewar gida da baƙin cikin Bitrus suka haɗu suka zame mini abu ɗaya.

Wata safiya Bitrus ya riga ni fita, ina wanke fuska Malam Sidibe ya kira ni gefe. Ya ce ya ga jini a makwararar banɗakinmu har sau uku, yana so ya san ni ne ko ɗan'uwana. Na yi dariya na ce Bitrus ne, kuma ba wani abu ba ne, tsargiya ce. Na ba shi labarin yadda a garinmu duk yaron da ke wanka a rafi sai ya yi fitsarin jini, har manya su ce ya fara zama namiji. Ni na yi, Bitrus ya yi, har gasa muke wa ya fi ja, ba wanda aka kai asibiti. Dattijon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko Bitrus na jin zafi in jinin ya zo, na ce a'a, shi ya sa ma bai damu ba. Ya tambayi yawan fitsari, na tuna direban Bobo. Ya tambayi tun yaushe yake shan taba, na ce tun shigarsa bariki.

Sai ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani a hankali. Ya ce akwai cutar daji da ke kama mafitsara, kuma yawanci da haka take sallama: jini a fitsari, sau da yawa ba zafi, ya zo yau ya ɓace gobe, mutum ya ce ya warke. Wani lokaci fitsarin ba ja ba ne sosai, sai ya yi kalar shayi. Ga yawan fitsari, ga matsuwa kamar ba za a iya riƙewa ba, wani kuma da raɗaɗi. In ta yi nisa sai ciwon ƙugu ya shigo, da rama, da kasala, da kumburin ƙafa. Ya ce ta fi kama maza, musamman waɗanda shekaru suka fara turawa, kuma taba ita ce babbar mai buɗe mata ƙofa, don gubarta a fitsari take taruwa. Tsargiyar da muke yi wa kirari, in ta daɗe ba magani, tana raunata mafitsara. Sinadaran rini da fenti da na jima su ma haka, in mutum ya daɗe yana shaƙa yana taɓawa. Ya ce zai iya yiwuwa tsakuwa ce ko wani ciwon sanyi, shi ba ya yanke hukunci a tsakar gida, amma likita kaɗai zai bambance.

"Ɗan'uwanka ya tara su duka a kwano guda," in ji shi. "Gobe zan tahi Segu, sai bayan damina. Maganar fitsari ba ta baƙo ba ce, daga bakinka za ta fi shiga. Ka kai shi a duba shi cikin satin nan. In an kama abin da wuri ana kankare shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Kak ka bari ya kwana."

Na ce to. Kuma na bari ya kwana, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kwana arba'in.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma tun da na ɗauki alƙalami ba zan yi ƙarya ba. Da farko na ce bari in samu lokacin da ya dace. Amma can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan sanyi da nake ji, cewa yau ga abu ɗaya da na sani game da Bitrus wanda shi bai sani ba, yau ga wuri ɗaya da jikinsa ya gaza nawa. Ban so ya mutu ba, Allah ya sani. So nake in ɗan daɗe ina kallonsa yana taƙama alhali ni na san randar ta tsage. Kullum in na ga ya fito daga banɗaki sai in ce gobe, gobe kuma in ji matan marina na kiransa suna dariya, sai bakina ya yi nauyi.

A rana ta arba'in Madam ta tara mu ta miƙa wa Bitrus mukullin ɗakin rini da na sito, ta ce daga yau shi ne idonta a marina. Aka yi ta tafi. A ranar ce bakina ya buɗe, kuma ba wurinsa na je ba. Na samu wata mai jin Hausa cikin ma'aikata ta yi mini tafinta, na gaya wa Madam cewa Bitrus ba shi da lafiya, yana fitsarin jini, bai kamata ya zauna cikin rini ba. Kowace kalma gaskiya ce. Amma ni na san abin da ya tura ni, kuma Bitrus ma da labarin ya kai masa ya sani.

Ya same ni a mabuga da rana tsaka. In mu biyu ne yarenmu muke yi, amma in ransa ya ɓaci Hausar bariki ke fitowa.

"Gajere, mi na yi maka? Shekara nawa kana bina da wanga ido? Yau an ba ni mukulli, yau ka gano ina da ciwo?"

Na ce masa Malam Sidibe ne ya faɗa, na jero masa duk abin da dattijon ya lissafa, tabar da tsargiyar da rinin da shekarun. Na ce ya zo mu je asibiti ko don ya ƙaryata ni.

"Tsargiyar da muka yi tare? Kai ma ka je a duba ka mana. In mukullin kake so ka faɗa, in ba ka."

Rashin sa'a, a satin nan jinin ya ɗauke, kamar yadda dattijon ya ce yana yi. Washegari Bitrus ya zo marina da fitsarinsa a kwalba, fari tas, ya ɗaga a gaban Madam da kowa. Aka bushe da dariya, Madam ta harare ni ta ce wani abu da ba a fassara mini ba, ban kuma nemi a fassara ba. Daga ranar ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Muna kwana ɗaki ɗaya, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Da Malam Sidibe ya dawo bayan damina ya yi masa magana da kansa, Bitrus ya ce ai ya san wanda ya kitsa masa, ya gode.

Wata bakwai aka yi a haka. Ina ganin wandonsa na yi masa yawa, ina ganin yana dafa ƙugu in zai tashi, ina ganin jinin ya dawo har da gudaji. Yanzu da gaske nake so in yi magana, amma na riga na ɓata bakina. Ran nan da hantsi muka ji ƙarar faɗuwar bokiti daga ɗakin rini. Muka same shi durƙushe yana gumi, mararsa ta kumbura, tun jiya fitsari ya ƙi fita, jini ya toshe hanya. Ni na goya shi zuwa bakin titi. Mutumin da ya fi ni tsayi da ƙarfi tun muna yara, na ɗaga shi ban ji nauyi ba.

A asibiti suka sa masa roba, suka yi hoto, suka zura wata 'yar na'ura suka leƙa cikin mafitsarar, suka ɗebi ɗan nama. Bayan kwanaki likita ya kira mu da Malam Sidibe a matsayin tafinta. Ya ce cutar daji ce, ta ci cikin bangon mafitsara, kuma da alama ta taɓa wasu wurare. Sai ya tambayi yaushe aka fara ganin jinin. Bitrus ya ce bai riƙe ba. Malam Sidibe ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa na ce ya kusa shekara. Likitan ya ajiye biro.

Madam ta yi kuka, ta yi mana guzuri, ta ba Bitrus galila mai ruwan toka wadda shi da hannunsa ya haɗa rininta. Ni kuma ta miƙo mini mukullin, ta ce in na kai shi gida in dawo, wurin nawa ne. Abin da na yi wata da watanni ina hange daga mabuga ke nan, ga shi a tafin hannuna, ɗan ƙarfe mai ɗaure da tsumma shuɗi. Na mayar mata na ce ba zan dawo ba.

Muka biyo hanyar da muka zo, Bobo, Wagadugu, Yamai, Gaya. Wannan karon ba ya bubbuga mota, ledar fitsari ce a ƙarƙashin rigarsa, ni ke sauka in zubar a duk tasha. Wani ɗan kasuwa Bamoshe, mutumin Wagadugu, ya bar masa kujerar gaba ya dawo baya ya matsu da mu, bai ma tambayi sunanmu ba. A Yamai na nemi mai dambun nan, na same ta a wurinta. Ta dubi Bitrus, ta rufe baki da mayafi, ta zuba masa har ya yi tozo. Cokali biyu ya ci ya turo mini sauran.

A gida aka kai shi babban asibiti a Sakkwato, aka yi abin da za a iya, aka sallamo mu da magungunan rage zafi. Ni ma na ba da fitsarina aka duba, tun da an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Suka samu tsargiyar yarinta tana nan, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in na ƙara ganin ko ɗigon jini in dawo a ranar. Tsakar gidan Bitrus kuwa kullum cike, tsofaffin sojoji daga Dabai, 'yan coci, har Inyamuran kasuwa da ke rufe shago su zo gaishe shi. Matarsa Rifkatu na ta faɗa wa mutane cewa Bawa ne ya fara ganewa, Bawa ne ya goyo shi tun daga Mali. Bawa ni ne. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna ya sa mini albarka. Yabon da na nema shekara hamsin ya zo, kuma kowane ɗaya kamar an ɗora mini dutse.

Wata la'asar mutane sun watse, yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, na zauna kusa da kansa na faɗa masa. Na ce Malam Sidibe ya ba ni saƙon tun kafin Madam ta ba shi mukulli, na riƙe kwana arba'in, kuma da na tashi faɗa ba don shi na faɗa ba. Na roƙe shi ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon ganyen mangwaron, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya yi 'yar dariya, irin wadda ta rage masa.

"Kwana arba'in ɗin nan kak su hana ka barci, Gajere. Ko a ranar ka zo mini da ita, ba zan yarda ba."

Na ce don me.

"Don tun muna wanka a rafi ban taɓa jin ka faɗi wani abu a kaina don alherina ba. Ina zan gane ran da ka fara?"

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ma miƙo hannu ya dafa gwiwata, hannun da har lokacin akwai sauran shuɗi a gefen farcensa. Ya ce ya yafe, ya ce in kira Rifkatu ta juya shi.

Bayan sati uku muka binne shi cikin galilar nan mai ruwan toka. Da aka yi kwana bakwai Rifkatu ta aiko mini da ƙunshi, ta ce shi ya ce a ba ni. Takalminsa ne na soja, an goge shi yana ƙyalli. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zura ƙafa, na ɗaure igiya har sama, na miƙe. Da na ɗaga ƙafa sai dugadugina ya fito, akwai sauran wuri a gaba kamar yatsa biyu. Yana nan ƙarƙashin gadona, duk Asabar nake fito da shi in goge.